Tambaya da Amsa: Bashi ya min katutu, kotu za ta iya goge min shi?

TAMBAYA: Anti salamu alaikum, dan Allah ki ba ni shawara. Na ci bashin banki ga na katin bashi, yanzu sai in ranto nan in biya can, ko waya ce ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Wata ƙawata ta ce in je kotu a ayyana na karye, wai shikenan an goge komai. Da gaske ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, wallahi na tausaya miki, bashi hanji ne yana cikin kowa, kar ki ga kamar ke kaɗai ce. Ƙawarki ta faɗi rabin gaskiya ne. Dokar karayar arziki ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka misali akwai Babi na 7, inda za a sayar da kadarorinki banda waɗanda doka ta kare a raba wa masu binki sannan a sauke miki ragowar, akwai kuma Babi na 13 da za ki riƙa biya kaɗan-kaɗan tsawon shekara 3 zuwa 5. Da zarar kin shigar da takarda dole masu bin bashi su daina damunki da kira. Amma fa kuɗin ciyar da yara da kotu ta ɗora wa mutum da yawancin bashin karatu ba sa goguwa, kuma Babi na 7 yana nan manne a tarihin bashinki har shekara 10, duk inda kika nemi rance ko haya za a gani. A Ingila galibi bayan wata 12 da ayyana karyewar mutum ake sauke masa yawancin bashin.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranto nan biya can ɗin nan, shi ke cinye mutane. Ki tsayar da shi yau. Ɗauki biro da takarda ki rubuta kowane bashi, nawa ya rage, nawa ne kuɗin ruwansa, na san hannunki zai yi rawa amma ki rubuta. Wanda ruwansa ya fi yawa shi za ki fara dannewa, sauran ki riƙa ba su mafi ƙarancin abin da aka yanka. Ki kira su da kanki ki nemi a sake tsara miki biya, da yawa suna yarda, kuma duk abin da kuka daidaita a ba ki a rubuce. In lissafin ya ƙi fita ko ta ina, toh sai ki ɗauki takardar nan ki kai wa lauyan da ya san dokar ƙasar da kike.