Na ga ana haɗa sabulu da "lard": mene ne shi, kuma me zan sa a madadinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni uwargida ce a Gadarif, ƙasar Sudan. Tsadar sabulu ta sa nake son in fara haɗa namu a gida. Na samu wani bayani a intanet da ya ce a sa "lard" kilo 1, ya kuma ce babu kitsen da ya kai shi. Na tambayi mahauta, babu wanda ya san shi. Mene ne shi, kuma in ban samu ba yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki daina nemansa: kitsen alade ne da aka narkar aka tace. Turawan Amurka da na Turai sun daɗe suna sabulu da shi saboda shi ne kitse mai araha a wajensu, kuma gaskiya yana ba da sabulu fari mai laushi a jiki. Haramcin alade kuwa a bayyane yake cikin Alƙur'ani, a Baƙara aya ta 173 da Ma'ida aya ta 3. Malamai sun tattauna ko najasa tana tsarkaka idan ta rikiɗe ta zama wani abu dabam, abin da suke kira istihala, kuma sun yi saɓani. Amma ke babu larurar da za ta kai ki can, domin abin da ya fi shi ƙarko yana nan a teburin mahaucin unguwarku.

Kitsen sa, wato na shanu, nake nufi, ko na rago. Wadak, narkakken kitsen da ake zubawa a karkar, man gashin nan na Sudan, danginsa ne, shi ne kakide a wajenmu. Ki roƙi mahauci ya ware miki kitsen da ke lulluɓe da ƙoda, ya fi tauri da tsafta, warinsa kuma kaɗan ne. Na rago ya fi ƙarni, don haka ni na fi son na sa ga mai koyo. Bayan Babbar Sallah ana samunsa kusan kyauta.

Rabin aikin yana wajen tace kitsen, kuma nan ne mata suke gaggawa su ɓata sabulunsu. Ki yayyanka shi ƙanana, ki zuba a tukunya da ruwa kamar kofi biyu da cokalin gishiri, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ya narke, kada ya soyu. Idan ya soyu ya yi ja, ƙaurin nan ba zai bar sabulun ba har ya ƙare. Ki tace da ƙyalle mai tsafta, ki bar shi ya kwana a wuri mai sanyi. Da safe za ki tarar ya daskare a sama, ruwan datti a ƙasa. Ki ɗaga shi, ki kankare baƙin da ke gindinsa, ki sake narkarwa da sabon ruwa. Sau biyu ko uku, sai ya yi fari ya daina wari. Kafin ki auna shi ki tabbatar ba sauran ruwa a jikinsa.

Yanzu sai soda mai ƙuna (caustic soda), wadda ake kira soda kawiya a kasuwa. Kowane mai yana da adadin sodar da yake ci, shi ya sa ba a musanya mai da ka. Sa'ar da kika yi ita ce kitsen alade da na sa kusan daidai suke: kowane giram 1,000 yana cin soda wajen giram 140. Ba a zuba ta duka, ana rage kashi 5 cikin 100 domin a bar ɗan mai da zai hana sabulun cin fata. Ke nan kakide kilo 1, soda giram 133, ruwa giram 300. Da sikeli za ki auna, ba da kofi ko gwangwani ba. Giram 20 da ya ƙaru na iya sa sabulun ya riƙa yi wa yara zafi a jiki.

Kakide zalla yana ba da sabulu mai tauri da ba ya saurin ƙarewa, sai dai kumfarsa ba ta da yawa, musamman a ruwan rijiya mai nauyi. Idan kina son kumfa, ki haɗa kakide giram 600, man kwakwa 200, man riɗi 200, soda 140, ruwa 300. Na san riɗi a Gadarif ba abin nema ba ne, zuciya za ta ce ki ƙara. Kada ki wuce wannan adadin, domin yawansa yana sa sabulu ya yi laushi, bayan 'yan watanni kuma ya fito da ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa yana warin tsohon mai.

Ina roƙonki ki kula da soda sosai. Ita ake zubawa a cikin ruwa, sannu a hankali, ba a zuba mata ruwa. Ruwan zai ɗau zafi nan take ya yi tururi mai shaƙe mutum, don haka ki yi a tsakar gida, da safar hannu da tabarau. Kada ta taɓa tukunyar alminiyam, tana cin ta. Ki yi amfani da bokitin roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Idan ta fallatsar miki, ki yi ta kwarara ruwa a wurin na minti 20, in ido ne kuma ki wuce asibiti bayan wankewar. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruwan soda kamarsa ɗaya da ruwan sha. Yaro ya kurɓa, maƙogwaronsa ya ƙone, wani har abada ba ya komawa daidai. Kada ki zuba shi a kofi ko jarkar ruwa, kada ki juya baya ki bar shi ko na minti ɗaya.

Ga inda kakide ya bambanta da abin da bayanin naki ya faɗa. Kitsen alade yana narkewa da ɗan zafi, shi kuwa kakide da ya huce yake fara daskarewa. Idan kika haɗa shi da ruwan soda mai sanyi zai yi kauri nan da nan, ki ɗauka ya haɗu, alhali daskarewa kawai ya yi, daga baya ya rabu a cikin mazubi. Ki haɗa su dukkansu suna da ɗumi, wajen digiri 45 zuwa 50. Ki yi ta juyawa har ya yi kaurin kunu, ki ga idan kin ɗiga shi a sama yana barin sawu. Da muciya yana iya kai ki awa guda ko fiye.

Ki juye a mazubin katako da kika shimfiɗa wa leda. Bayanin Turawa zai ce ki lulluɓe da bargo, wannan don sanyin ƙasarsu ne. A zafinmu sai ya tsage. Ki yanka washegari, kafin ya yi taurin da zai riƙa farfashewa. Ki jera a inuwa inda iska ke ratsawa, mako 4 zuwa 6, kina juya su. Da damina ki ba shi cikakken mako 6, sauran sodar kuma ki rufe ta ruf, domin tana jan danshi ta dunƙule, awonki na gaba ya tashi ba daidai ba.