Ƙananan jiragen ƙasa: wanne zan saya, ina kuma zan shimfiɗa shi a ɗakin haya?

Mu 'yan kaɗan ne a Legas da muke haɗuwa wasu ranakun Asabar muna harhaɗa ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan tebur, da tashoshinsu da gadojinsu da kasuwannin bakin dogo. Tun da na ambaci hakan, tambayoyin masu son shigowa suke zuwa mini. Ga waɗanda na zaɓa a wannan makon.

Ni mai gyaran waya ne a Agege, ɗaki ɗaya nake haya. Na ga bidiyon wani gida a Jamus da aka cika da ƙananan jirage, abin ya shiga raina. Wani mai kawo mini gyara ya gayyace ni wajen zamansu, na kasa zuwa saboda ko tarago ɗaya ba ni da shi. Na ɗan tara kuɗi. Wanne zan saya kafin in je?

Ƙanena, kada ka sayi komai tukuna. Je ka hannu rabbana, ba sau ɗaya ba, sau biyu ko uku. Babu wanda zai raina ka, mu ma da kallo muka fara. Gidan da ka gani shi ne Miniatur Wunderland na birnin Hambag, wanda aka buɗe a 2001, aikin ma'aikata ne masu yawa na shekara da shekaru. Ka sha kallonsa, amma kada ka auna ɗakinka da shi.

Ga dalilin da ya sa na ce ka dakata. Jiragen nan aji-aji ne, kowane aji da girmansa da faɗin dogonsa, kuma wani ba ya hawa titin wani. Wanda ya fi yawa a duniya shi ne HO, wato an rage jirgin gaske sau 87, tsakanin ƙarafan dogonsa milimita 16.5. 'Yan Ingila suna da nasu, OO, ragin sau 76, shi ma a kan dogo mai milimita 16.5. Sai N, ragin sau 160 a kan milimita 9. Akwai manya irin su O da G, akwai kuma ɗan mitsitsin Z da kamfanin Märklin ya fito da shi a 1972, amma waɗannan ba na mai farawa a ɗaki ɗaya ba ne. To idan ka sayi N ka je ka tarar duk mutanen wurin OO suke yi, jirginka zai zauna a kwali kana kallon na wasu. Ba wanda zai ara maka tarago, kuma ranar da wani ɗan ƙarfe ya karye ba mai ba ka madadinsa. A garin da kusan komai sai an yi oda daga waje ko an ba matafiyi sautu, samun wanda kuke aji ɗaya da shi ya fi kowane rangwamen farashi amfani.

Akwai wani tarko kuma. Märklin ma HO yake yi, amma da tsarinsa na daban: wutarsa tana bi ta wasu ƙananan ƙusoshi a tsakiyar dogo, kan jirgin, wato injin da ke jan taragu, yana shafa su ta ƙasa. Kansa ba ya tafiya a dogon sauran kamfanoni irin su Hornby ko Piko ko Bachmann, ƙafafun taragunsa kuma suna haɗe wutar irin wannan dogo ta ɗauke. Kayansa masu kyau ne ƙwarai, sai dai ka tabbata akwai wanda za ku yi tare kafin ka shiga.

Bayan ka ga abin da jama'arka suke yi, ɗauki tef ka auna ɗaki. Taragon fasinja mai tsawon mita 20 yana dawowa santimita 23 a HO, a N kuwa santimita 12 da rabi. Amma ba tsawon jirgi ne ke cin wuri ba, kwana ce. Don HO ko OO ya zagayo ya dawo inda ya tashi, kana buƙatar faɗin kusan mita ɗaya. Shi ya sa mutane suke amfani da falankin filawud cikakke, mai ƙafa 4 da ƙafa 8. Ina za ka kai shi a ɗakin da ke da katifa da buhun shinkafa da teburin aiki? N kuwa yana zagayawa a kan tsohon ƙyauren ƙofa, ka jingine shi a bango idan ka gama. Dogon kamfanin Kato na Japan, wanda ake kira Unitrack, an yi shi ne don masu ƙananan gidaje: a harhaɗa a ƙasa bayan isha'i, a kwance shi kafin a kwanta.

Idan kuma mutanenka OO ko HO suke yi, ba dole ba ne jirgi ya zagaya. Sami katako mai tsawon santimita 120 zuwa 150, faɗin santimita 30, ka shimfiɗa layi uku da canjin layi biyu, ƙaramin kai ɗaya da taragun kaya takwas. Aikin shi ne jera taragu da sauya musu layi kamar yadda ake yi a yadin tasha. Ni wannan na fi so wa mai farawa, domin yana koya hannu, kuma ana iya ɗaukarsa a kai shi wajen zama.

Kai ma ba hannu wofi za ka je ba. Mutumin da kullum yake liƙa wayoyi masu sirantar gashi da dalma a cikin wayar salula, a wurinmu babban baƙo ne. Rabin matsalolinmu na wuta ne. Tafi da mitarka ta gwada wuta da ƙarfen liƙinka.

Ƙanena da ke Amurka zai aiko wa ɗana mai shekara biyar saitin jirgi. Muna Idi-Araba. Me zan ce ya saya?

Hajiya, abu biyu za ki gaya masa. Na farko wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Tiransifomar da aka yi don can, idan aka soka ta a bangonmu, nan take take ƙonewa, kuma ɗan adaftan da ke sauya bakin filogi ba ya rage ƙarfin wuta ko kaɗan. Ya duba rubutun jikinta. Idan ya ga 100–240V, lafiya lau. Idan 120V kawai aka rubuta, sai da tiransifomar rage wuta. Kayan Ingila ba su da wannan damuwa, wutarsu da bakin filoginsu irin namu ne.

Na biyu shekarun yaron. Mafi yawan jiragen da muke magana a kai, masu yin su suna rubuta shekara 14 zuwa sama a kwali, saboda ƙananan sassa masu karyewa da masu shiga baki. Ɗan shekara biyar a saya masa mai batir da aka yi don yara, irin Märklin my world, ko na katako irin Brio. Ba ruwansu da wutar bango, kuma suna jure faɗuwa. Idan bayan shekara uku ko huɗu har yanzu zuciyarsa tana wurin, sai a yi maganar na lantarki, mahaifinsa ko ke kuna kusa.

Na yi ritaya, ina zaune a Ebute Metta. Mahaifina ya yi aikin reluwe, a jirgin Kano muka zo Iddo ina yaro. Ba na son jirgin Turawa mai dusar ƙanƙara a rufi. Wancan jirgin namu nake so. A ina ake sayar da shi?

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tambayarku ta fi kowace daɗi a wurina, amsarta ce kawai take son haƙuri. Manyan kamfanonin nan jiragen Turai da Amurka da Japan suke kwaikwayo, domin can masu sayensu suke. Jirgin Kano sai dai ku gina shi da hannunku, kuma ana ginawa.

A fara da dogo. Tsohon layinmu, wanda aka soma daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901, jirgi ya shiga Kano ta hanyar Baro a 1911, aka haɗe layukan biyu a 1912, faɗinsa milimita 1,067 ne, wato ƙafa uku da rabi. Sabon layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 kuwa milimita 1,435 ne. Idan kuka ninka 16.5 sau 87, 1,435 ɗin nan za ku samu, don haka dogon HO na sabon layi ne cif. Na tsohon layi a ragin sau 87 yana faɗawa kusan milimita 12, kuma akwai dogo mai wannan faɗi, kamfanin Peco na yin sa. Hanya ta biyu ita ce wadda masu wannan sha'awa a Niyu Zilan suka daɗe suna bi, da yake faɗin dogonsu ɗaya da namu: su bar dogo a milimita 16.5, su gina jirgin a ragin sau 64. Ita nake ba ku shawara. Dogo da ƙafafu da injin duk na gama-gari ne masu sauƙin samu, jirgin kuma ya fi girma, ido da yatsu ba sa wahala.

Yadda ake yi, a sayi kan jirgi mai lafiyayyen inji ko da jikinsa ya tsufa, a cire jikin, a gina sabo da kwali mai ƙarfi ko fallen roba. Idan mai gawayi kuke tunawa, akwai waɗanda aka fara kawowa daga Ingila a 1948 aka raɗa musu sunayen koguna. Jerin ƙafafunsu biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, biyu a baya, abin da ake rubutawa 2-8-2. Ku nemi ƙaramin kai mai wannan jeri. Amma kada ku fara da shi. Ku fara da taragon kaya buɗaɗɗe, sannan na shanu, hannu ya faɗa tukuna.

Ga shi kuwa kuna kusa da abin da wasunmu suke shiga mota su zo gani. Gidan Jaekel yana nan cikin harabar reluwe ta Ebute Metta, ginin 1898 ne, ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara shi ya zama ƙaramin gidan tarihi mai tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgi. Ku je da littafi da fensir. Abin da ya rage kuma yana cikin kanku, ba kamfanin da ke da shi: dalar gyaɗa a gefen tashar Kano, huhunan goro da ake lodi daga Agege zuwa Arewa, gadar Jebba, masu talla suna miƙa kaya ta taga. Buhun gyaɗa ƙyalle ne da ɗan yashi a ciki. Ciyawa garin katako ne da aka rina. Jar ƙasa kuwa a tankaɗe ta gaske a manna da farin gam. Ina roƙonku, ranar da za ku zo zama, ku zo da labarin tafiyar nan. Matasanmu ba su hau jirgin ba, kuma ba za su iya gina abin da ba su gani ba sai an faɗa musu.

An yi mini tayin saiti na gwanjo da araha, kai biyu da dogo cike da kwali. Mai shi ya ce ba zai iya gwada mini ba. In saya?

Malam, taragun za ka iya saye da ido, idan ƙafafunsu na juyawa kuma maƙalansu iri ɗaya ne, domin maƙalin Hornby ba ya kama na Amurka. Kai kuwa sai an gwada. Ba a buƙatar wutar bango: ɗora batir ɗin nan mai bolt 9 a kan ƙafafunsa masu ɗaukar wuta, idan na tsohon tsari ne, wato DC da zan yi bayaninsa a ƙasa, zai motsa. Wanda ya ƙi ko wannan, ka taya a farashin mataccen inji.

Dogon kuma tafi da maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne zalla, kuma laimar Legas da iskar teku za su cinye shi da tsatsa cikin damina ɗaya ko biyu. Araha ba ta ado. Nemi wanda aka rubuta wa nickel silver, maganaɗisu ba ya kama shi, ba ya tsatsa. Na taɓa asarar kwali guda na dogon ƙarfe da na ajiye a ƙasan gado daga Yuni zuwa Satumba, ban so wani ya maimaita. Ko mai kyan ma a riƙa goge shi da ƙyalle da ɗan sifirit, ban da sanfefa, don tana kankare shi datti ya sami maɓoya. A rufe teburin da zane lokacin ƙurar hunturu, a kuma shafa wa katakon fenti gaba da baya saboda laima da gara.

Na ji ana cewa DC da DCC. Wanne ya dace da sabon shiga?

A tsarin DC, ƙarfin wutar da ke kan dogo, daga sifili zuwa bolt 12, shi ne gudun jirgi, don haka duk kan da ke layin tare suke tashi tare suke tsayawa. A DCC wuta tana kan dogo kullum, kowane kai yana da ɗan guntun na'ura a cikinsa da lambarsa, ka kira wanda kake so shi kaɗai ya amsa, har da fitila da ƙarar inji. Ya fi daɗi, ya fi tsada. Mai kai ɗaya ko biyu, DC ya ishe shi.

Lokacin saye ka lura da rubutun kwali. DCC Ready yana nufin akwai gurbin sa na'urar amma ba a sa ta ba. DCC Fitted ne mai ita a ciki. Na farkon nake ba ka shawara, ka ƙara na'urar ranar da aljihu ya yarda. Idan ka kai jirginka teburin wani, tambayi mai teburin wane tsari yake kai kafin ka ɗora, domin kan DC da aka bari tsaye a dogon DCC yana ƙugi yana zafi har injinsa ya ƙone. Haka kuma kada ka ɗauki jirgin wani sai ya ce ɗauka, in ya ce, ka tallabe shi ta ƙasa da hannu biyu. Ranar da wutar gari take hawa da sauka, ko aka tada ƙaramin janareta, ka zare na'urar sarrafawa daga bango sai ka sa mata sitabilaiza, ko ka koma kan inbata.