Amfulifayar bes ta gwaji a ɗaki: tsakanin zafin Kebbi da ƙarar fanka

Tambaya: Wani matashi daga Birnin Kebbi ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum, malam. Shekarata guda ina koyon jitar bes, wato jita mai kaurin amo, kuma sai da dare nake samun sukunin gwaji a ɗakina na gidan haya. Wani abokina zai sayar mini da amfulifaya (na'urar ƙara amon jita) ta hannu mai ƙarfin wat 500 a kan kuɗi mai sauƙi, sai dai da zarar an kunna ta fankarta take tashi da ƙara, har takan danne kiɗan idan na rage murya. Shin in saye ta in sa a cire fankar, ko kuwa in nemi wata? Wace iri ce ta dace da mai kaɗawa shi kaɗai?"

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bari a cire fankar nan, kuma idan gwajin ɗaki ne kawai bukatarka, wannan amfulifaya ba taka ba ce, komai arharta. An ƙera ta ne domin dandamali, inda mai bes yake gogayya da ganguna da muryar mawaƙi da hayaniyar jama'a, kuma a irin wannan wuri babu kunnen da zai tsinkayi fankarta. Da ka shigo da ita ɗaki cikin dare, sai abin da ba ya damun kowa a wurin biki ya zama shi ne abin da ya fi tsaya maka a kunne.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wat 500 ya ninka wat 50 sau goma a ƙarfin amo, alhali kunnen ɗan Adam ba haka yake lissafi ba. Idan aka ninka wat sau biyu, abin da ake ƙarawa desibel 3 ne kacal (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin amo), wato ɗan ƙari da za ka lura da shi amma ba zai girgiza ka ba. Sai an ninka wat sau goma kafin kunne ya ji kamar amon ya ruɓanya sau biyu. Wannan ya sa amfulifaya mai wat 25 zuwa 50 take cika ɗakin kwana har ta yi yawa. Abin da ya fi cancantar ka sa wa ido shi ne faɗin lasifikar, domin tsirkiya mafi kauri a bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, ta biyar kuma a bes mai tsirkiya biyar tana sauka zuwa kusan 31, kuma irin wannan amo mai zurfi ba ya fitowa sai lasifika ta tura iska mai yawa. Ƙananan amfulifayoyi irin su Fender Rumble 25 da Orange Crush Bass 25 suna da lasifika mai inci 8, Fender Rumble 40 kuma mai inci 10 gare ta. Ni dai da za ka nemi zaɓina, mai inci 10 zan nuna maka, saboda a nan ne amon bes yake fara yin jiki, kuma mai koyo yana bukatar ya ji gaskiyar abin da yatsunsa suke yi. Kada ka jona bes a amfulifayar jita ta yau da kullum ka ɗaga murya, domin lasifikarta ba a yi ta don wannan nauyi ba, kuma tana iya yagewa.

Batun fanka kuwa batun zafi ne. Duk amfulifaya tana shan wuta ta mayar da wani ɓangare amo, ragowar kuma ya zama zafi a cikin akwatinta. Masu tsarin da ake kira ajin AB suna ɓarar da wajen rabin wutar da suka sha, ko fiye idan ana kaɗawa a hankali, yayin da na zamani 'yan ajin D suke amfani da kusan kashi 90 cikin 100 idan suna aiki sosai. Sai mutum ya zaci 'yan ajin D ba za su bukaci fanka ba, amma masu ƙera su sukan cusa wat ɗaruruwa a cikin akwatin da bai fi girman littafi ba, babu wurin da za a sa babban ƙarfen shan zafi, don haka dole a koma ga fanka, kuma ƙaramar fanka mai gudu ta fi babba mai juyawa a hankali tsinin ƙara. Yawancin ƙananan amfulifayoyin gwaji, waɗanda aka haɗa na'urar da lasifikar a akwati ɗaya, ba su da fanka ko kaɗan, domin farantin ƙarfen da ke bayansu ya isa ya sallami ɗan zafin da suke yi. Ka ga ke nan maganin damuwarka yana cikin zaɓen tun farko.

Dalilin da ya sa na tsananta a kan cire fanka shi ne ƙasar da muke ciki. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan wuce digiri 40, kuma ɗaki mai rufin kwano yana riƙe wannan zafi har bayan sallar isha'i. Iskar da ake so ta sanyaya na'urar ita kanta da zafinta take shiga. Akwai ƙa'idar da masu gyara suka sani game da kafasitoci, wato ƙananan sassa masu tara wuta da ke cikin waɗannan na'urori: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage tsawon rayuwarsu da kusan rabi. A wata bazara an taɓa kawo mini amfulifayar da aka datse wayar fankarta aka naɗe bakin da salatif, mai ita yana ƙorafin cewa tana ɗaukewa da kanta bayan minti ashirin. Da na buɗe ta, warin ƙonannen roba ne ya fara tarbata, kan manyan kafasitoci biyu ya kumbura kamar gwangwanin da ya lalace, allon da ke ƙarƙashinsu kuma ya yi launin ƙasa-ƙasa. Ɗaukewar da yake kuka da ita ce ma ta cece shi, domin na'urar kariya ce take kashe ta kafin ta ƙone gaba ɗaya. Kuɗin gyaran ya kusa sayen ƙaramar amfulifaya sabuwa.

Kafin ka yanke wa ta abokinka hukunci, yana da kyau ka tantance irin ƙarar da kake ji, domin sau da yawa ana ɗora wa fanka laifin da ba nata ba. Ka kashe fankar silin, ka zare wayar jitar, ka mayar da murya sifili, sannan ka kai kunnenka bayan akwatin, ka sake kai shi gaban lasifikar. Idan shuuu na iska kake ji daga baya, lafiyayyar fanka ce, haka aka yi ta. Idan kuwa karkarwa ce ko ƙara mai kama da ta ƙwaro a cikin kwalba, to boris ɗinta ya ci, ko ƙurar hunturu ta daskare a fikafikanta har ta rasa daidaito, kuma wannan ya zama ruwan dare a kayan da suka yi shekaru a Kebbi da Zamfara ba a taɓa buɗe su ba. Amma idan gurnani ne mai kauri yake fitowa ta lasifikar, wannan ba ruwan fanka, daga wuta yake. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wanda ya yi kusa ƙwarai da amon da za ka samu idan ka danna gaɓa ta uku ta wuyan jitar a tsirkiya mafi kauri ta bes mai tsirkiya huɗu, mai kaɗawa sau 49, shi ya sa wannan gurnani yake cakuɗa da kiɗan bes fiye da na kowane kayan kiɗa. Soket marar wayar ƙasa, wayar jita mai arha, ƙaramin janareto, da inbatar da ba ta fitar da tsabtatacciyar wuta, duk suna haddasa shi, kuma ko ka cire fanka goma ba zai tafi ba.

Idan kana da niyyar fara fita wasa nan gaba har kana ganin babbar za ta yi maka rana, to ka kai ta wurin mai gyara ya share ƙurar da buroshi mai laushi, in ta kama ya sauya fankar da wata mai girma ɗaya da bolt ɗaya, wadda ƙarfin tura iskarta bai gaza na ta farko ba. Kada ka buɗe ta da kanka, domin manyan kafasitoci suna riƙe wuta bayan an zare fulogi. A ɗaki kuma ka bar tazarar taki ɗaya ko biyu tsakanin bayanta da bango, kada ka rufe ta da zane tana aiki, ka kuma nisanta ta daga inda kake zaune, tun da ƙarar fanka tana raguwa sosai da ɗan nisa. Ka tambaya ko fankarta mai tashi ce sai an yi zafi ko mai gudu ce koyaushe, sai dai a bazararmu ta farkon ma ba ta cika hutawa ba.

Ko wacce za ka saya, musamman ta hannu, ka karanta rubutun da ke kusa da mashigar wuta. Kayan da aka yi domin kasuwar Amurka bolt 120 suke sha, tamu kuwa 230 ce, kuma jonawa ɗaya ba tare da tiransifoma ba ta isa ta kashe ta.

Akwai kuma maƙwabtanka, waɗanda ba ka ambata ba amma na san suna cikin lissafin. Amon bes yana ratsa bango da daɓe fiye da siririn amo, ta yadda kai za ka ji kamar ka rage murya, mai ɗakin da ke jikin naka kuwa yana jin dum-dum a ƙarƙashin gadonsa. Ɗora akwatin a kan kujera ko matashi, da janye shi daga kusurwar ɗaki, yana rage wannan. Abin da ya fi shi ne ka tabbata amfulifayar tana da ramin abin sauraro na kunne, da wani ramin da za ka jona wayarka ka bi kiɗan da kake koyo. Akwai ma 'yar ƙaramar na'ura irin Vox amPlug ta bes, wadda ake soka ta kai tsaye a jikin jitar, tana aiki da ƙananan batura biyu, ba fanka, ba jiran a kawo wuta. Sai dai ka tausaya wa kunnenka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba shawarar kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80, kuma lokacin yana raguwa da sauri idan murya ta ƙaru. In ka cire abin sauraron ka ji kunnenka yana ƙugi, ka wuce gona da iri.

Ranar saye ka tafi da jitarka da wayarka, ka roƙi mai kayan ya bari a gwada a wuri marar hayaniya, domin a cikin kasuwa kowace amfulifaya shiru take. Ka bar ta a kunne na minti goma sha biyar kana kaɗa tsirkiya mafi kauri a hankali, irin muryar da za ka yi amfani da ita ƙarfe goma sha ɗaya na dare, sannan ka ɗora tafin hannunka a bayanta ka ji ɗuminta, ka kuma saurari abin da ya rage a ɗakin bayan ka danne tsirkiyoyin sun yi shiru.