Bidiyon minti ɗaya zai iya koyar da darasi?

Tambaya: Ni malama ce, ina koyar da kimiyya a sakandare. Ɗalibaina ba sa rabuwa da TikTok, har wasu na ce min sun fi gane karatu a can fiye da a aji. Ina tunanin in fara yi musu gajerun bidiyo. Da gaske ana koyo ta wannan hanyar, ko wahalar banza zan yi?

Amsa: Malama, ki yi. Sai dai ki fara sanin nauyin da minti ɗaya zai iya ɗauka.

Gajarta ba aibi ba ce. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun bi diddigin kallo kusan miliyan 6.9 na bidiyon darussa a edX, wani dandalin karatu ta intanet, suka ga cewa da zarar bidiyo ya haura kimanin minti 6, ɗalibai sai su fara sulalewa. Don haka idan abu guda tak kike son nunawa, kamar dalilin da ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa, ko wani gwaji mai haɗari da ba za ki yi a aji ba, gajeren bidiyo ya dace, kuma yaro na iya maimaita shi sau goma ba tare da kunyar kowa ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne kalmar nan ta ɗalibanki, wai sun fi ganewa. Jin an gane daban, ganewar daban. Derek Muller ya gwada wannan a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Sidni da ke Ostareliya. Ya nuna wa wasu ɗalibai bidiyon kimiyyar motsi mai bayani tsaf, babu gargada. Suka yaba, suka ƙara amincewa da kansu, amma da aka gwada su makinsu bai motsa sosai ba. Wasu kuma ya nuna musu bidiyon da ya fara kawo kuskuren da yawancin mutane ke ɗauke da shi, sannan ya warware shi. Waɗannan sun ce ya rikita su, amma su ne makinsu ya fi tashi. Bayani mai santsi yakan wuce ta kan yaro, yana gyaɗa kai, alhali tsohon kuskurensa na nan daram. Na sha ganin haka, kuma abin yana min ciwo, domin yaron da gaske yake ganin ya yi karatu.

Ga kuma mantuwa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa sabon abu yana saurin zubewa daga ƙwaƙwalwa idan ba a waiwaye shi ba. A 2006 Roediger da Karpicke suka nuna cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karatun riƙe shi bayan mako guda. To, ita manhajar TikTok an gina ta ne don kada mai kallo ya tsaya. Bidiyonki na ƙarewa wani zai faɗo, na rawa ko na barkwanci, kafin yaron ya samu daƙiƙa biyar ya juya abin a ransa. TikTok da Reels na Instagram da Shorts na YouTube duk haka suke.

Saboda haka ki gina bidiyon a kan tambaya. Ki buɗe da ita: idan aka saki dutse babba da ƙarami tare daga sama, wanne zai riga faɗuwa? Ki bari su yi hasashe, ki nuna, ki yi bayani a taƙaice, ki rufe da wata tambayar da za su zo da amsarta a rubuce gobe. Aikin koyon a ajin zai faru, lokacin da za su kare amsarsu a gabanki. Abin da ke da matakai masu yawa, kamar doguwar warwarar lissafi, kada ki matse shi cikin minti ɗaya. Allo da alli sun fi masa.

Ba dole ne ki tura su cikin manhajar ba. Ƙa'idar TikTok da Instagram a yawancin ƙasashe ita ce sai wanda ya kai shekara 13, kuma akwai iyayen da ba su yarda ba, akwai yaran da ba su da waya. Kina iya kunna bidiyon a aji, ko ki aika shi ta hannun iyaye. Kada fuskar ɗalibi ko sunansa su fito sai da izinin iyayensa da na makaranta.

Su kuma bidiyon da suke gani da kansu, ki sa su riƙa kawo miki. Ku kalla tare, ki tambaye su: wa ya yi shi, me ya ce, ta yaya za mu tabbatar? Yawan masu kallo ba hujja ba ce, kuma manhajar ba ta tantance gaskiya kafin ta yaɗa abu. Ki fara da bidiyo uku ko huɗu a kan maudu'in da kika san suna yawan faɗuwa, bayan mako biyu ki yi musu gwaji ba tare da sanarwa ba, ki kwatanta da yadda suka saba yi.