Tambayoyin Fasaha: Wa Ke Shan Datar Rautar Gidanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Maigida ya sayo mana rauta, wato na'urar Wi-Fi, mai aiki da layin waya. Mukan saka datar wata guda, amma ko sati biyu ba ta kaiwa. Yara sun dage cewa maƙwabta ne ke sha. Ta yaya zan gane, kuma ya zan hana? Daga wata uwargida a Ɗorayi, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki zargi kowa tukuna, domin rautar da kanta za ta nuna miki duk wanda ke kanta.

Ki juya ta, za ki ga wata takarda manne a ƙasa ko a bayanta, ɗauke da adireshi da sunan shiga da kalmar sirri. Ki haɗa wayarki da Wi-Fi ɗin gidan, ki buɗe Chrome, ki rubuta adireshin a can sama. Na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, na TP-Link da ZTE sau da yawa 192.168.0.1, wasu kuma 192.168.1.1. Shafin da zai buɗe a cikin rautar yake, don haka ko data ta ƙare zai buɗe.

A nan ne nake so ki nutsu. Kalmar sirri biyu rauta take da ita: ta Wi-Fi da kowa a gida ya sani, da kuma ta shiga wannan shafin. Ta farko kamar makullin zaure take, ta biyu kuwa makullin ɗakin maigida ce. Gidaje da yawa sukan canza ta farko su bar ta biyu yadda kamfani ya sako ta, wadda a na'urori da dama admin ce kawai. Duk yaron da ya hau Wi-Fi ɗinku ya san wannan, zai iya shiga ya sauya saiti yadda ya ga dama. Saboda haka ita za ki fara canzawa, ki rubuta sabuwar a takarda ki adana.

Sai ki nemi inda aka rubuta "Connected Devices" ko "Device List". Ki ƙirga abin da kika gani, ki kwatanta da wayoyi da kwamfutoci da talabijin ɗin gidan. Idan an sami baƙo, ki je "Wi-Fi Settings" ki sa sabuwar kalmar sirri. Tsarin yana karɓar haruffa 8, amma ni na fi son 12 zuwa sama, a gauraya haruffa da lambobi. Ban da lambar wayar maigida, ban da sunan auta. A wurin tsaro ki zaɓi WPA2-PSK, ko WPA3 idan akwai. Kada ki taɓa WEP, an daɗe da karya shi. Ki kuma kashe WPS, wato hanyar hawa Wi-Fi da lamba ko maɓalli ba tare da kalmar sirri ba, domin tun 2011 aka gano yadda ake fasa lambarsa mai alƙaluma 8.

Wani abin da iyaye ba su cika sani ba: tun daga Android 10, waya na iya fito da hoton QR na Wi-Fi, aboki ya ɗauka da kyamara ya hau ba tare da an faɗa masa komai ba. Don haka ki ja kunnen yara. Idan rautar tana da "Guest Network", ki buɗe wa baƙi shi, ki kashe bayan sun tafi. Toshe wayar mutum ɗaya-ɗaya kuwa bai cika yin amfani ba, tunda wayoyin yanzu suna iya sauya lambar MAC da rauta ke gane su da ita.

Gaskiya dai, Hajiya, sau da yawa ɓarnar daga cikin gida take. Waya tana ɗaukar Wi-Fi a matsayin kyauta: da ta hau sai ta shiga sabunta manhajoji, ta ɗora hotuna, WhatsApp ya kwashi ajiyarsa. Kallon bidiyo na HD kaɗai kan iya cin gigabait 3 a awa guda. A kowace Android ki shiga saitin Wi-Fi ɗin ki zaɓi "Treat as metered", a iPhone kuma "Low Data Mode".

Tambaya: Malam, rautata tana nuna suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe. Wanne zan hau? Ina ɗaki sai ya riƙa yankewa. Daga wani ɗalibi a Hotoro.

Amsa: Wannan 5G ɗin ba shi ne sabis ɗin 5G da MTN ya ƙaddamar a 2022 ba, zangon 5GHz ake nufi. Ya fi sauri amma bai iya ratsa bango sosai, ga gininmu na bulo da siminti. Zangon 2.4GHz bai kai shi gudu ba, amma ya fi nisa. A falo ka hau na 5, a ɗaki ka koma na 2.4. Idan gidan haya ne kowa da rautarsa, ka shiga saitin zangon 2.4 ka gwada tasha ("Channel") ta 1 ko 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna. Kuma ka ɗaga ta sama kusa da taga, inda rana ba ta dukanta. Zafin Maris da Afrilu a garin nan yana sa ta yin sanyin aiki ko ta kashe kanta.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na cire layin da ya zo da rauta na sa wani. Wi-Fi na kamawa amma babu intanet, kuma na manta kalmar shiga saitin. Daga wani ɗan kasuwa a Fagge.

Amsa: Alhaji, akwai ɗan ƙaramin rami a jikinta da aka rubuta "Reset". Tana kunne, ka danna da tsinke na kamar daƙiƙa 10. Komai zai koma yadda yake a takardar bayanta, har sunan Wi-Fi, don haka sai ka sake sa kalmomin sirrin biyu.

Daga nan ka shiga shafin saiti ka duba APN, wato saitin da ke haɗa layin da intanet ɗin kamfaninsa. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Glo kuma gloflat. Ka ƙirƙiri sabo, ka adana, ka kashe ka kunna. Idan shafin ya nuna "Invalid SIM" ko ya nemi lambar buɗewa, to an kulle na'urar ne a kan kamfani ɗaya, kuma APN ba zai warware wannan ba. Ka fara tuntuɓar ofishin kamfanin da ya sayar da ita kafin ka nufi masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre, domin idan aka sauya mata manhajar ciki, garantin ya tafi.