Sayar wa kamfani sunan filin wasa yana raba ƙungiya da asalinta?

Malam, ka tambaya ko laƙaba wa fili sunan kamfani yana zubar da martabar ƙungiya. Ya danganta da filin. Arsenal ta bar Highbury a 2006 ta koma sabon fili mai sunan kamfanin jiragen sama na Emirates, kuɗin da kamfanin ya biya kuma ya taimaka wajen ginin. Amma da Mike Ashley, mai ƙungiyar Newcastle a lokacin, ya mayar da sunan filinta St James' Park zuwa na kamfaninsa, wato Sports Direct Arena, a 2011, ran magoya bayan Newcastle ya ɓaci matuƙa, don nan kakanninsu suka kalli ƙwallo. Ina bayansu. A 2012 aka dawo da sunan.

Kada ka ɗauka filin aka sayar. Yarjejeniya ce mai wa'adi. In ƙungiyarku ce, lauya ya duba sharuɗɗan kafin ku sa hannu.