Amsar murya: dodon da ya maƙale tsakanin bishiyoyi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗan'uwa da ka turo tambaya jiya da dare, na ga hoton, na kuma ji bayaninka. Ka ce ka haɗa wani ƙaton dodo a World Editor, wato editan haɗa taswira na wasan kwamfuta Warcraft III, ka ba shi girman karo 60, wato lambar filin da jikinsa yake tarewa a ƙasa, yana maƙalewa tsakanin bishiyoyi, ka rage zuwa 50 amma ko gezau. To, ba kwamfutarka ba ce, kuma ba mantawa ka yi ba ka adana ba. Tsaya ka ji.

Ƙasar taswira, kowane babban murabba'i da kake gani faɗinsa 128 ne. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan gidaje, 32 sau 32, kuma da su wasan yake lissafa hanya. Lambar da ka rubuta ɗin nan, idan ana maganar wucewa, wasan jefa ta yake cikin ɗayan aji huɗu. Daga 0 zuwa 15, gida ɗaya. Daga 16 zuwa 31, gida biyu a faɗi biyu a tsawo. Daga 32 zuwa 47, uku-uku. Daga 48 zuwa sama kuwa, huɗu-huɗu. Ka gani ko? 60 da 50 duk aji ɗaya suke. Sa masa 47 yanzun nan, ka ga ko ba zai wuce ba.

Ka duba na waɗanda suka ƙera wasan da kansu ma. Footman, sojan ƙasa, 31 ne, Knight, mai doki, 32. Ɗaya tak ce tsakaninsu, amma akwai tsukukun da na ƙasan zai bi, mai dokin ya tsaya a baki. Ni wannan 31 ɗin ita ta fara buɗe mini ido, wallahi.

Amma fa kada ka ce tunda haka ne bari in ba shi 8 in huta. Lambar tana da wani aikin. Nisan kai hari daga gefen jiki ake auna shi, ba daga cibiya ba. Idan dodo ya cika allo amma girman karonsa ƙarami ne, masu takobi sai sun shige cikin cikinsa kafin su kai sara. Abin ba kyan gani, faɗan ma ya lalace. A ganina, dodon da zai yi yawo cikin daji, 47 ta ishe shi. Wanda yake tsaye a fili yana jiran 'yan wasa, bar masa babbar lambarsa, ka cire bishiya ɗaya ko biyu. Gyaran hanya ya fi rage jiki.

Af, girman surarsa daban, zoben da ke ƙafarsa idan ka zaɓe shi daban, girman karo daban. Ka canja ɗaya, sauran ba sa binsa. Gine-gine kuma taswirar hanyarsu ce ke tare wuri, can za ka taɓa.

Wani ya ce a sa 0 sai ya ratsa komai. A'a, har yanzu yana cin gida ɗaya. Kashe masa bin hanya gaba ɗaya ma ban ba ka shawara ba, don zai haye tudu da ruwa, ya fita inda ba ka so.

Kafin gwaji, danna P a edita, za ka ga inda ƙasa ta toshe, sai ka ƙirga gidajen da suka rage a tsukukun. Sannan Ctrl da F9 don fara gwajin. Kuma don Allah kada ka gwada da soja ɗaya, kwashi 12 ka tura su tare, don a cunkoso matsalar take fitowa. In ya sake maƙalewa, turo hoton wurin da P ɗin a kunne mu ƙirga tare.